Yadda Za Ka Ƙwato Kujerarka a Gidan Surukai da Kalma Ɗaya

Tun da ƙanin matarka ya dawo daga jami'a, shi ake miƙa wa takardar magani ya karanta, shi ke zama a kujera mai hannu kusa da Baba. Kai kuwa an mayar da kai benci, gefen firji. Bi matakan nan, kafin shayi ya huce kujerar ta dawo hannunka. Tabbas ne.

1. Zaɓi kalma. Buɗe ƙamus na Turanci, ka tsallake duk abin da ka taɓa ji a rediyo. Tsaya a kan *pernoctate*. Ma'anarta kwana, wato mutum ya kai safiya a wani wuri. Turawan kansu ba su cika faɗinta ba. Amfaninta ke nan.

2. Haddace asalinta. Daga Latin ta fito: *per*, ratsawa, *nox*, dare. Ilimin da ba a jingina shi ga Latin ba, surukai ba sa kallonsa. Yi gwaji a gaban madubi. Kada ka yi a gaban matarka, ta riga ta ga sakamakon jarrabawarka na makaranta.

3. Harba. Jira sai falo ya cika, Baba ya cire tabarau. Juya wajen yaron, murya ƙasa-ƙasa: "Ƙanina, jiya a ina ka yi *pernoctate*?"

Zai ce, "Yaya, wace cuta ce kuma wannan?"

Kada ka yi dariya. Dubi silin, kamar mai jimamin halin da jami'o'i suka shiga.

4. Bar Baba ya tambaya. Zai tambaya. Sunkuyar da kai ka ce, "Kwana ne, Baba. Asalinta Latin." Raba masa ita gida biyu da yatsu, a hankali.

Baba zai gyaɗa kai, ya dubi ɗansa. "To ai tambaya ce mai kyau. A ina ka kwana? Uwarka ta ce ba ta ji motsin ƙofa ba."

Nan take yaron zai tuna ana kiransa a waya, ya tashi ya bar kujerar. Kada ka yi rawar jiki. Mai ilimi ba ya tashi sai an ce masa "matso nan".

5. Zauna. Jingina sosai, ka ɗora hannuwa. A daidai nan Baba zai ɗaga murya don a ji har kicin: "Ashe muna da mai Latin a gida, muna zaune. Daga yanzu kowace Asabar a turo masa jikoki da littattafansu."

Kalmomin Latin biyu kacal ka sani, *per* da *nox*. Ka ce, "Ba komai, Baba."

Sanarwa: Alkawarin kujera aka yi maka, kuma ka samu. Gabar ƙanin mata, dariyar matarka a hanyar gida, da yaran da za su zuba maka ido riƙe da fensir, duk babu ruwanmu. Kalma ta uku kuwa, ka nemo da kanka kafin Asabar.