Azumin Ƙarya a Bakin Teku

Ku matso kusa ku ba ni kunnuwanku, mai dariya kuma ya riƙe ta sai na kai ƙarshe.

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka kai ni ganin teku. Ni da aka haifa a Ƙofar Dumi, na tsufa a Ƙofar Dumi, babban ruwan da na sani shi ne dam ɗin Gubi. Autata Larai ce ta haihu a Legas, na je mata wankan jego. Da muka yi arba'in sai mijinta ya ce ba zan koma Bauchi ba sai na ga ikon Allah.

To ku sani, shekara goma sha biyar yana auren 'yata, ban taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa ganin na kai loma baki ba. Da wannan nake taƙama (har a gidan biki nakan saƙo zancen ko ba a tambaye ni ba).

Jirgin ruwa ya tsallaka da mu wani lungu inda teku ke kwance luf kamar an zuba shi a tasa. Yara na wasa a yashi, masu kwakwa na zagayawa, manyan jirage na wucewa can nesa kamar unguwa guda ta tashi tafiya. Larai ta shimfiɗa tabarma, ta buɗe kular masa da soyayyen kifi. Tun asuba ko koko ban sha ba, amma ga surukina zaune.

"Inna, bismilla," in ji shi.

Na ja mayafi na ce, "Azumi nake."

"Sannu Inna, a sa mu a addu'a."

Larai ta dube ni, ta kau da kai.

Da suka tashi zuwa kallon wata tsohuwar hasumiya mai fitilar da ke nuna wa jirage hanya, na ce gwiwata ba za ta kai ni ba. Suna ba da baya na ƙunshe masa biyar da kan kifi a leda, na haye wani dutse a bakin ruwa, na juya wa duniya ƙeya. Wani dattijo mai kwale-kwale ya yi ta magana da yarensu yana nuna mini ruwa. Na ɗaga kai, ko ɗigon hadari babu. A ƙasarmu kogi ba ya cika sai an yi ruwan sama. Na ce a raina, bara yake, ba zan ba shi ba.

Ashe shi teku kullum sai ya cika ya janye, ba ruwansa da damina. Ina kan masa ta huɗu na waiga, yashin da na tako babu shi. Takalmana na yawo, ɗaya gabas ɗaya yamma. Na yi ta salati (ledar dai ban sake ta ba).

Jama'a suka taru. Sai ga surukina ya naɗe wando ya ratso ruwa, ya juya mini baya ya rusuna.

"Inna, hau."

"Koma, a kira mace."

"Inna, ƙaruwa yake yi."

Na hau. Baki duk mai, na shaƙe wuyan bawan Allah, kan kifi na lilo a ƙirjinsa. Jikata Zainabu, babbar 'yar Larai, tana tsaye a gaɓa ta saita mu da waya.

"Tsohuwa," ta ce, "a kan dutsen rana ta riga faɗuwa ne?"

Shi kuwa ko murmushi bai yi ba, wannan ya fi kashe ni. Da ya sauke ni, kansa a ƙasa, ya ce, "Larai, zuba wa Inna ruwa ta wanke hannu."

Larai har yau in ta bugo waya sai ta gama dariya kafin ta gaishe ni. Zainabu ta tura hoton zuwa Bauchi, ya riga motarmu isowa, matan unguwa suka tare ni da sannu da ibada. Surukina bai taɓa tayar da zancen ba, sai dai duk mai zuwa daga Legas sai ya ba shi kifi ya kawo mini. Ni kuma har gobe ba na ci a gabansa. Amma in za a fita da ni, ko nan da unguwar Gwallaga ne, sai na cika cikina tun a ɗaka.