Malam Jibirin Sai-Na-Tantance da Malaman Mishan

Duk wanda ya zauna Talata Mafara a shekarun da ake gina dam ɗin Bakolori, in ya ce bai san Malam Jibirin ba, to wucewa ya yi, bai zauna ba. Baiwa biyu Allah ya yi wa ƙasar a lokaci guda: ya ba ta dam, ya ba ta Malam Jibirin. Shi dam ɗin ma sai da Turawan Italiya suka sha rana kafin ya tsaya. Malam Jibirin kuwa da kansa ya tsaya, ba wanda ya taya shi.

Mutum ne mai tsari. Yana da Besfa shuɗiya, ba ya hawanta sai ya goge madubi ya gyara zaman hula. Aljihun rigarsa cike yake da biro, ja da baƙi da kore, don kada wani muhimmin tunani ya riske shi a hanya ba shiri. In ka gaishe shi sai ya auna gaisuwar, sannan ya amsa. Ko fura matarsa Nafisatu ta dama, sai ya ce, “Aje nan, sai na tantance.” Daga nan ya samo sunansa, kuma da ya ji ana kiransa da shi sai ya ɗauka sarauta ce.

Lokacin ne gwamnati ta ce kowane yaro ya tafi makaranta kyauta. Yara suka cika ajujuwa, malamai suka yi ƙaranci, domin duk wanda ya iya riƙe alƙalami ya gudu kamfanin dam ya zama akawu. Abin ya fi tsanani a Tudun Ƙaura, sabon ƙauyen da aka tara mutanen da ruwa ya cinye gonakinsu. An gina musu makaranta da rufin kwano mai ƙyalli, amma awaki ne kaɗai ke zuwa kullum ba fashi. Sai aka kafa kwamitin neman malamai. Wa za a ba shugabanci in ba mai biro uku ba?

Ana nan sai labari ya zo cewa wata kwalejin horon malamai ta mishan, can kudu, ta yaye ɗalibai, kuma uku daga cikinsu sun yarda su zo: Lantana, da Bawa, da Istifanus. Malam Jibirin ya tara kwamiti, ya miƙe tsaye, ya cire tabarau.

“Jama'a, wagga magana babba ce. Kiristoci za a damƙa wa ɗiyan Musulmi. In babu mutum mai zurfin ido a bakin ƙofa, sai dai ku wayi gari ku ji yara na waƙar coci. Amma ku kwantar da hankalinku. Allah ya sa ina raye.”

Liman Malami na Tudun Ƙaura, dattijon da ya yi shekaru yana karantar da Alƙur'ani, ya gyara zama ya ce, “Malam, allo na hannunmu safe da marece, ba mu ba kowa shi ba. Boko munka rasa. Ka kawo muna su kawai.”

Malam Jibirin ya yi murmushin tausayi. Liman mutumin kirki ne, amma ina ya san aikin tantancewa?

Ranar Talata baƙin suka sauko daga mota da akwatunansu na kwano. Malam Jibirin ya hango su ta taga, ya ce a zaunar da su gindin darbejiya. Ba abin da yake yi a ofis, amma babban mutum ba ya ganin baƙo nan take. Sai da inuwa ta juya ta bar su a rana ya sa aka shigo da su.

Ya fara da Hausa a hankali, da ƙarfi, yana nuni da hannu, yadda ake yi wa Bature. Lantana ta durƙusa ta jero masa gaisuwa, ta tambayi gida da iyali da gajiya da ruwan bana, har ya rasa inda zai sa baki. Ashe Bahaushiya ce daga ƙasar Katsina, Bawa kuma daga wajen Zariya. Malam Jibirin ya lura da wannan a ransa: sun iya Hausa fiye da kima, abin dubawa ne.

Aka shiga jarrabawa.

“Kai Bawa, mene ne ilimi?”

Bawa ya buɗe baki.

“Ilimi,” in ji Malam Jibirin, “kamar dam ne. Ana tare shi, ana sakinsa kaɗan-kaɗan. Wa ke riƙe da makulli? Ni. Kai Istifanus, ka san wanda ya nuna wa Turawa inda za su tare kogin nan?”

“A'a, ranka ya daɗe.”

“To, kana kallonsa. Ina tsaye bakin hanya babbansu ya tsaya da jif ya tambaye ni hanyar Maradun. Na nuna da wannan yatsan. Ka je ka ga abin da ya biyo baya.”

Haka aka yi ta yi har la'asar. Shi ke tambaya, shi ke amsawa, kuma amsoshin sun gamsar da shi ƙwarai. Da aka tashi ya ce, “Kun yi ƙoƙari, amma ban gama da ku ba. Ku dawo wata Talatar.”

Istifanus ya ce, “Ranka ya daɗe, ina za mu sauka kafin nan?”

“Wannan ba ya cikin aikin kwamiti.”

Liman Malami, da ya zo cin kasuwa, shi ya tarar da su tsaye bakin tasha da akwatuna. Ya ɗora su a motar da ke komawa Tudun Ƙaura. Samarin ya ba su shagon ƙofar gidansa, Lantana kuma matarsa Saude ta shigar da ita ɗakinta.

Wata Talatar suka dawo, Malam Jibirin ya yi musu bayanin yadda ake riƙe alli. Ta gaba ya tafi Bakura ɗaurin aure ya bar su gindin darbejiya. Daga nan suka daina zuwa. Bai damu ba. Ya gane tsoronsa ne ya kama su, kuma tsoron babba alamar tarbiyya ce. Saboda haka, bayan dogon nazari, ya yanke shawarar yi musu rahama ya ɗauke su.

Amma irin wannan rahama ba a yinta a ɓoye. Ya sa aka yi wa babbar rigarsa bugu, ya ɗauko mai hoto takanas daga Gusau ya goya shi a Besfa, ya ɗaure kwalin alli a gaba. Duk tsawon hanya yana maimaita jawabinsa ga iska: yadda ya sha fama, yadda ya ƙi barci, yadda ya tsamo wa talakawa malamai daga uwa duniya.

Tun daga nesa ya ji wata ƙara. Da ya matso sai ya gane muryoyin yara ne suna bin baƙaƙe. Ba akuya ko ɗaya a farfajiyar. Bawa na gaban wani aji, Istifanus na wani, Lantana na tsakiyar ƙanana, har da wata 'yar mitsitsiya riƙe da gefen zanenta.

Malam Jibirin ya kafe Besfa. “Wa ya ba da izini?”

Liman Malami ya taso daga tabarma ya yi masa sannu da zuwa mai tsawo, sannan ya ce, “Ai babban jami'in ilimi ya zo daga Sakkwato kallon dam, motarsa ta biyo ta nan. Munka tare shi, munka nuna mishi yara, munka nuna mishi malamai. Ya ce su shiga aji. Wata guda ke nan. Mun zaci ka sani.”

“Na sani mana,” in ji Malam Jibirin. “Ni na... ai da ma haka na tsara.”

Ya hau dandamalin baranda, ya share murya, ya ɗaga hannu. “Ya ku jama'ar Tudun Ƙaura! A yau, bayan dogon bincike...”

Lantana ta leƙo ta taga, cikin ladabi. “Ranka ya daɗe, don Allah a ɗan sassauta murya. Yara na karatu.”

Ya sassauta. Ya ƙarasa jawabin cikin raɗa, ga Liman da wata tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli, wadda ta saurara har ƙarshe sannan ta tambayi Liman ko wannan ne ɗan aiken da aka ce zai kawo alli.

Mai hoto dai an riga an ɗauko shi, dole ya yi aiki. Da aka tashi hutun tara ya jera yara, ya sa malamai uku a tsakiya, Liman a gefensu. Malam Jibirin ya kutsa gaba, ya rufe yara biyar da babbar riga.

Mai hoto ya dube shi ya ce, “Alhaji, ɗan matsa. Ƙara. Ƙara kaɗan. Yawwa, tsaya nan.”

Hoton ya fito da kyau, har aka rataye shi a ofishin makarantar. Kowa ya fito sarai, har 'yar mitsitsiyar nan. Can gefen dama kuma, in ka matso sosai, za ka ga hannun babbar riga ya sha bugu, riƙe da kwalin alli.