Famfon da ya zaunar da ni gaban surukina

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na tsufa na rikice, da ranar da famfon gidanmu ya tona mini asiri.

Lokacin an turo ni koyarwa Dogon Dutsi, muka kama haya ni da matata Rabi. Famfon ƙarfe ne a tsakar gida, bututunsa ya bi ta bayan ɗakin da muka ajiye firigo. Ba mu daɗe ba Rabi ta ce, "Malam, famfon nan yana cizo."

Na yi dariya. Na ce matan unguwa ne suka cika mata kunne da labarin doguwa da iskoki. Na taɓa shi a gabanta, ban ji komai ba (takalmin roba ne a ƙafata, ƙasa kuma a bushe, amma kaina bai kawo nan ba). Har wa'azi na yi mata kan camfi. Ta koma naɗa tsumma a hannu in za ta ɗebi ruwa, tana korar ɗiyarmu Hadiza, mai rarrafe, daga wurin.

Sai ga mahaifin Rabi ya zo daga Kore Mairuwa da ƙannensa, su ga mazauninmu. Ni kuwa gaban Baba ko tari ba na yi da ƙarfi. Azahar ta yi, na tuɓe takalmi, na ɗauki buta zan cika masa. Rabi ta gama wanke-wanke, ƙasa jagab.

Ina kama famfon na ji abu ya ratsa ni har haƙora. Hannuna ya maƙale, ƙirjina ya ɗaure. Da na samu na fizge, ba salati ne ya fito ba.

"Wayyo Inna! Doguwa!"

Ni na faɗa, da muryar da ban san ina da ita ba. Na yi baya na zauna daram cikin bahon wanke-wanke, buta ta tashi sama ta sauka kan rigar Baba.

Ina zaune a ciki na hango Hadiza ta rarrafo wajen ruwan. Na yunƙura, na sake zamewa cikin bahon. Rabi ce ta sure ta, ta ruga ta kashe wutar gidan gaba ɗaya.

Baba ya karkaɗe rigarsa ya ce, "Sannu, Malam. Doguwar ta tahi, ko mu jira?"

Mai gyaran lantarki ya zo ya samu wayar firigo ta ɓare tana taɓa bututun. Na daɗe rungume da yarinyar, wandona na ɗiga.

Na dai koyi abu biyu. In ƙarfe ya yi maka ko ɗan zir, kashe wuta ka kira mai gyara. Sannan mutum ya riƙa bitar abin da zai faɗa in ya firgita, don bakin nan ba shi da amana.