Yadda Za Ka Hana Doki Ciyawa Alhali Surukarka Tana Gida

Ɗan'uwa, in kana da ɗan guntun dokin nan da bai wuce ƙugunka ba, likitar dabbobi kuma ta ce a sa masa takunkumi don kada ciyawa ta kashe shi, to ka zo inda ya dace. Ni Munzali, injiniyan gadoji, a bayan gidana can gaba da garin Annandale a Amurka na yi wannan karatu. Bi matakan nan, takunkumi ba zai ƙara faɗuwa ba. Na yi maka alkawari.

1. Yarda cewa ciyawa na kisa.
Na sani, a gida ba mu taɓa ji ba. Amma ɗanyar ciyawar Virginia zaƙi gare ta kamar rake. Doki ya ci ya yi teɓa, ciwo ya sauka kofato, ya kasa tsayuwa, daga nan sai allurar ƙarshe. Haka Dokta Irene ta ce game da Biskit, dokin 'yata Zahra, a gaban yarinyar kuwa. Kada ka yi dariya. Ni na yi.

2. Auna da yatsa.
Bar wurin yatsa biyu tsakanin baki da takunkumi. Ɗaure shi a ragama wuri huɗu. In ka dawo daga aiki ka tarar an cire, sake ɗaurawa.

3. Zargi dokin.
Tsaya ka yi masa faɗa sosai. Kada ka tambayi kanka yadda dabba marar hannu ke kwance maɗauri huɗu, ta wanke takunkumi, ta rataye shi a ƙusa tsaf. Yawan tunani na ɓata injiniya.

4. Kada ka ga surukarka.
Hajiya ta zo daga Zariya hutun wata shida. Ran Asabar za ka leƙa taga ka ganta tana kwance maɗauri tana cewa, "Ci abinka, bawan Allah. Ga ciyawa har gwiwa an ɗaure maka baki. Wannan ai ɗaukar alhaki ne." Saki labule. Ɗan mutunci ba ya kama surukarsa.

5. Aika matarka.
Hannatu za ta dawo da amsa: "Ta ce shekara arba'in tana kiwo, ba ta taɓa ganin dabbar da ƙoshi ya kashe ba. Ta ce a tambaye ka ko haka ake yi a gidanku." Ce "Gaskiya ne," ka tafi ofis.

6. Jira abin da kake tsoro.
Wata safiya Biskit zai turo ƙafafun gaba, ya ƙi takawa. Zahra za ta zube ƙasa ta rungume wuyansa, ta tambayi kakarta da Turanci ko mutuwa zai yi. Ba sai an fassara ba. Ranar zuciyata ta karye, kuma haushin kaina na ji: sati shida ina fifita kunya a kan dokin yarinya. Hajiya ta miƙe. Ta saukar da takunkumin daga ƙusa, ta yi masa ɗaurin ragon layya da hannunta. Da Dokta Irene ta zo da magani, sai da ta roƙi a koya mata ƙullin.

7. Ba ta wani ta ciyar.
Tausayin Hajiya ba ya ɓacewa, wuri kawai yake sakewa. Za ta dube ka ta ce, "Munzali, ka rame. Zauna." Zauna. Malmala uku ne, da man shanu, ga fura na jira. In ka tsaya za ta ce, "Ko bai yi daɗi ba?" Ci gaba, don Biskit kake yi.

Gargaɗi: marubucin nan ya yi alkawarin takunkumi zai zauna, ya kuwa zauna, Biskit na sukuwa. Bai yi alkawarin komai game da wandunanka ba, ko abin da likitanka zai ja matarka gefe ya faɗa mata. Duk abin da ya biyo baya ba ruwana. Ni kaina jiya ina gyangyaɗi bayan tuwo, na farka na tarar Zahra na auna bakina da yatsa biyu.