Ranar da Na Gaida Buhun Gero a Tsafe

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da baffan Hajara, yarinyar da nake nema da aure, ya aiko in je Tsafe ya gan ni. Shi ne waliyyinta, in ya ce a'a, magana ta ƙare. Ni kuwa a lokacin ba a daɗe da yi mini aiki a idon dama ba, an kankare wata tsoka da ta tsiro a kai.

Ban gaya wa Hajara ba, balle danginta. Direba ne ni, tsakanin Gusau da Bunguɗu nake lodi. Wa zai ba direba mai ciwon ido 'yarsa? Wannan tsoron ne ya hana ni barci.

Likita ya ba ni maganin ɗigawa na hana kumburi, fari kamar madara. In ka ɗiga, sai yaji, sai hawaye, sai duniya ta yi dishi-dishi, can kuma ɗaci ya gangaro maka maƙogwaro. Ya ce in rufe ido, in danne gefensa ta wajen hanci, in ɗan jira kafin in tashi. (Na ce to, irin to ɗin da muke ce wa fasinja in ya ce a rage gudu.)

Abokina Sani ne ya ja motar. Muna isa ƙofar gidan lokacin magani ya yi, kuma an gargaɗe ni kada in tsallake. Na ɗiga a gurguje. Sannan na cire baƙin tabarau, don ba a shiga gaban surukai da shi. Rana ta doki idon, hawaye ya ɓalle, har na hagun ma ya taya ɗan'uwansa.

Muka yi sallama muka shiga zaure. Daga hasken waje zuwa duhun ciki, ban ga komai ba sai wani dattijo a kusurwa, cikin farar riga, ya zauna da kwarjini. Na zube a gabansa.

"Baba, ina wuni? Mun same ku lafiya? Ya iyali?"

Shiru. Na ce a raina ya riga ya ƙi ni. Na ƙara sunkuyawa, na tambayi gona, na tambayi dabbobi. Sani yana ta jan rigata, ina ture hannunsa.

Sai na ji murya daga bayana: "Yaro, wanga buhun gero na. Rigata ce aka shanya bisa."

Na juyo. Ga baffa a kan tabarma, yana duban jajayen idanuna, da hawaye, da yadda nake ta haɗiyar yawu saboda ɗaci.

"Direba," in ji shi a hankali, "gaya min gaskiya. Mi kaka sha?"

Nan na gane inda aka nufa: ya ɗauka ƙwaya nake sha. Na laluba aljihu na miƙa masa kwalbar.

"Har yawo kaka yi da shi?"

Sani ne ya cece ni, ya kwashe labarin asibiti kaf, wanda na yi ta roƙonsa ya rufe. Baffa ya matso ya buɗe idon da yatsa ya duba, ya ce, "Ciwo ai na Allah na. Da ka fita ba ka yi bayani ba, wallahi da ba ka sake ganin ɗiyar ga ba."

An ɗaura aure bayan kaka, ido kuma ya warke sarai. Abin da na koya shi ne, in ka ɓoye ƙaramin ciwo, mutane za su zaɓa maka babba. Amma baffa bai yafe ba. Har yau in na je gaishe shi, kafin in durƙusa sai ya nuna kusurwa ya ce, "Fara da babba tukuna."