Akun Baba Ya Yi Shiru

"...lafiya lau, maigida. Ka tashi, ko har yanzu ƙasusuwan suna shawara?"

"Ƙasusuwana sun riga naki tashi, amaryar wahala. Shigo a hankali, kar ki take mini wayoyi da ƙafafun nan naki kamar faranti."

Haka Auta da kakanta suke gaisawa tun tana rarrafe. Ni da ke tsakaninsu, 'yar wancan kuma uwar wannan, nawa ido ne. Sai dai ranar ba ni da ƙarfin dariya. Ina tsaye bakin ƙofa da makullin mota a hannu, jakar Auta na cikin mota, jirgin ƙasan da zai kai ta garin da ta samu aiki kuwa ba ya jiran 'yar kowa.

Baba mai gyaran rediyo ne. Ya rufe shago tun da ido ya fara gaza masa, amma ya ƙi barin ɗakinsa na bayan shagon. Yanzu ko rubutun kwalin magani ba ya gani. Na ce ya tattara ya dawo gidana, ya ce sai dai gawarsa. Auta ce ta shiga tsakani. Ta kawo kwamfuta, ta zuba mata irin ƙirƙirarriyar basirar nan mai magana, wadda za ta yi aiki a cikin ɗakin ko babu intanet: Baba ya nuna wa kyamara takarda, ita kuma ta karanta masa. Shi ya raɗa mata suna Aku. Muka yi sharaɗi: in Aku ya yi karatu a gabana kafin Auta ta tafi, Baba ya zauna a ɗakinsa. In bai yi ba, yau zan tafi da shi. Kuma ba wasa nake ba, don na gaji da zaman fargaba.

Auta ta ja kujera, ta kunna, ta danna nan ta danna can. Shiru.

"To, malamar danne-danne, ina Akun?" in ji Baba. "Ko shi ma ya ga fuskarki da safe ya suma?"

"Jiya a gabanka ya karanta maka jarida har ka yi gyangyaɗi, miyau na zuba."

"Ni? Tunani nake. Manya in suna tunani ido a rufe suke yi."

"Da minshari?"

"Shi ne ƙarar injin. Ke da kanki ba kowa a ciki, ina za ki sani?"

Auta ba ta rama ba, a nan na san akwai matsala. Ta matso da fuska kusa da allo, ta ce, "Umma, kwantenar ta ƙi tashi."

Ta sha yi mini bayanin kwantenar nan har na haddace. Wani ɗaki ne da ake keɓewa a cikin kwamfuta, mai nasa tsarin da nasa ƙofar, a ciki ta ajiye Aku. Dalilinta kuwa Baba ne: in ya danna abin da ya lalata ɗakin, ko daga nesa, in an samu intanet, za ta iya rushe shi ta maido da kwafin da ta adana.

"Ta ƙi tashi?" Baba ya gyara zama a bakin gado. "Gado ta yi. Uwar ɗakinta ma sai an yayyafa mata ruwa."

"Tsoho, rufe mini baki in ji da abu ɗaya."

"Bakina nawa ne. Da shi na auri kakarki, wadda ta fi ki kyau ko da tana mura."

"Ita ma rashin gilashi ne ya cuce ta."

Na duba agogo, na karkaɗa makulli. "Auta, lokaci fa."

"Gaggawa aikin shaiɗan," in ji Baba, amma na ga yatsunsa suna ta murza bakin zanin gado.

"Cewa take ba ta ga katin hoto ba," Auta ta faɗa tana buga madannai. "Shi ne katin da ke ba Aku ƙarfin tunani. Jiya na haɗa su, na ba ta adireshinsa. Kati ba shi da ƙafa, ina zai je?"

"Ƙila ya bi saurayinki, shi ma ai ba a sake ganinsa ba."

"Ni na kore shi. Ya ce in zai aure ni sai an haɗa masa da kai, na ce ba na sayar da tsohon ƙarfe."

Ta ɗaga hannu za ta sake dannawa, sai ta tsaya cak. Ta karkata kai tana saurare. Ta ja hanci sau biyu.

"Maigida."

"Na'am, fitina."

"Jiya fankar kwamfutar nan tana ƙara kamar ana yanka kwano. Yau ina ƙarar?"

"Addu'a na yi mata."

"Addu'ar mai warin man keke?"

"Turarena ne. Sabon yayi, ba ki waye ba."

Ta durƙusa ta leƙa bayan kwamfutar, ta ɗago da hannu a ka. "Biri ya yi kama da mutum! Umma, zo ki gani. Katin yana gurbin sama jiya, yau ga shi a na ƙasa. Tsohon nan ya buɗe ta!"

"Sharri! Aljanu ne. Ɗakin nan da ma suna zuwa sauraron labarai."

"Aljanun da suka ɗaure murfi tsaf, har suka share ƙura?"

"Aljanun kirki ne, ni na koya musu aiki."

"Tsoho!"

Baba ya ɗaga kafaɗa, ya daina ɓoye-ɓoye. "To, ni ne. A yi mini abin da za a yi. Ni, a ɗakina, fanka tana kuka tun asuba kamar marainiya, in naɗe hannu ina ji? Ban taɓa yi ba tun ina saurayi. Na cire katin, na ɗiga wa fankar mai, na ga gurbin sama ya matse ba ya shan iska, na sauko da shi ƙasa. Saurara ki ji, ko numfashin jariri bai kai ta laushi ba."

"Ka *ga* gurbin ya matse?"

"Yatsuna suka gani. Goma ne, sun fi naki idanun biyu."

"Ai ga shi nan! Na ce wa kwantena maƙwabcinta yana ƙofar sama, kai ka kwashe shi ka sauya masa gida ba sallama. Tana ta ƙwanƙwasa kango. Na yi maka katanga ta ciki, ashe ta waje za ka ɓullo. Garin neman gira ka rasa ido!"

"Idon da ma ya yi gaba, girar nake lallaɓawa."

Su suka yi dariya, ban da ni. Na hango shi shi kaɗai da asuba, ba ya gani, hannunsa cikin kayan wuta. Tsoro ya kama ni, tsoron ya juye haushi.

"Baba, da ba ka cire wuta ba fa? Da wa zai ji ka?"

"Ni za a koya wa cire wuta?"

"Shi ke nan. Aku bai yi karatu ba. Auta, ɗauko jakarsa a ƙarƙashin gado."

Baba ya lalubo bakin gadon ya riƙe da hannu biyu. Ban ji daɗin ganin haka ba.

"Umma, ban tafi ba tukuna," Auta ta ce a hankali. "Sharaɗin kafin in tafi ne." Ta juya ga allo. "Kai kuma tsoho, kar ka ɗauka don kai nake yi. In ka koma gidanmu ɗakina za a ba ka, ka cika mini shi da warin man zafi."

"Wa ke son ɗakinki? Ɓera ma ya shiga ya fito yana tari." "Yi sauri, 'yar nan. Ki mayar da katin sama mana."

"Ba lokacin kwance murfi. Sabon adireshin zan nemo in ba kwantenar."

Haruffa suka yi ta gudu a baƙin allo. Ta kwafi lambar gurbin, ta rubuta, ta danna. Jan rubutu ya fito.

"Me ya ce?" Baba ya miƙo wuya.

"Ya ce kai ne matsalar."

"Ƙarya, kin yi kuskure. Ina jin yatsunki suna rawa tun daga nan."

"Harafi ɗaya na tsallake. Kai ka tsallake gurbi guda, kura ce za ta ce da kare maye?"

Na fita na tayar da mota, na dawo, na sake duba agogo. Auta ta goge, ta sake rubutawa, wannan karon da yatsa ɗaya kamar mai koyo. Fankar ta ɗauki juyi a hankali. Can sai murya ta fito daga sifika ta yi sallama.

Baba ya lalubo kwalin maganinsa a kan teburi, ya ɗaga shi saitin kyamara a juye.

"Juya shi, injiniyan duniya."

"Gwada shi nake."

Ya juya. Aku ya karanta sunan maganin da yadda ake sha, tiryan-tiryan. Na karɓi kwalin na duba da idona, haka yake. Baba ya buga cinya, ya ce, "Kun ji ɗan halak! Man da na ɗiga ne ya buɗe masa murya."

"Yau ya karanta," na ce. "Gobe in fanka ta sake kuka fa? Auta, daga can za ki iya riƙe masa hannu?"

Auta ta sunkuyar da kai. "Abin da ya lalace a ciki zan iya gyarawa, Umma. Hannunsa kam, hali zanen dutse."

Baba ya sa hannu a aljihun gaban rigarsa, ya zaro sukudirebansa na kwance murfi, mai jan mariƙi, wanda tun ina yarinya ko taɓa shi aka yi sai an sha faɗa. Mariƙin ya lotsa daidai wurin babban yatsansa. Ya miƙa shi saitin da yake jin numfashin Auta.

"Ungo, mummuna. Kin ci. Tafi da shi."

"Kaka..."

"Kar ki yi mini kuka, kin fi muni in kina yi. Aro na ba ki. In fanka ta yi kuka zan toshe kunne in jira ki."

Auta ta karɓa da hannu biyu, tana dariya tana share ido. Ni kuwa na ƙara tura jakarsa can ƙarƙashin gado da ƙafa.

"In kuma na daɗe ban zo ba fa, maigida?"

"To ki sani akwai cokali a ɗakin nan, shi ma yana kwance murfi."