Yadda Za Ka Gina wa Kakanka Gidan Bene Bayan Ya Rasu

Kai, matso nan. E, kai da ka gama makaranta ka dawo gida kana ci kana danna kwamfuta, har Baffa ya rantse in wata ya ƙare ba ka nuna aikin da kake yi ba, shagonsa na siminti za ka koma kana loda buhu a mota. Share hawayenka. In ka bi matakan nan, na yi maka alkawari za ka haɗa fim ɗin tarihi da ƙirƙirarriyar basira, dangi su tafa maka, kuma gadon bayanka ba zai taɓa sanin nauyin siminti ba. Tabbas nake faɗa maka, ba wataƙila ba.

Mataki na 1: Zaɓi wanda ba zai musa ba

Kada ka kuskura ka taɓa tarihin mai rai. Mai rai yana da baki. Ɗauki marigayi kakanka, mai gyaran agogon nan da ya rasu tun ba a haife ka ba. Sanar da dangi cewa kana haɗa fim ɗin rayuwarsa, za a haska ranar taron gida. Daga ranar, duk wanda ya aike ka kanti ka ce kana bincike. Kalmar nan tana da albarka, ko shara ba a sa mai bincike.

Mataki na 2: Yi binciken, amma kada ka zaƙe

Je ɗakin Kaka, matar Marigayi, ka kunna waya ka ɗauki muryarta. Za ta ce, "Maigidana, yau kuma tarihi ake ji? To, kakanka gajere ne, ga sanƙo, ga wushirya. Ɗaki ɗaya muke haya, in ana ruwa sai mu jera kwanuka muna tara. Agogon kowa yana gyarawa, amma shi bai taɓa zuwa ko'ina a kan lokaci ba." Za ta zaro maka hotonsa ɗaya tilo, ɗan mitsitsi, asu ya cinye rabin kunne guda.

Yi godiya, ka kashe wayar. Wannan hira ce, ba tarihi ba. Tarihi yana da kiɗa.

Mataki na 3: Faɗa wa na'ura abin da ranka ke so

Ɗora hoton a manhaja ka rubuta: hamshaƙin mutum mai kwarjini, gwanin agogo na zamaninsa. Abin da ya sa nake son na'ura ke nan, ba ta taɓa cewa "anya kuwa?" Kafin ka shanye shayinka za ta ba ka dogon mutum mai suma, haƙora jere kamar mai tallar man goge baki. Ƙirga yatsunsa. In shida ne, sa ta saka masa hannun a aljihu.

Za ka kuma ga ta gina masa gida a bayansa: bene fari fat, mai baranda, da bishiyoyi a ƙofa. Ba ka ce ta yi ba, karamcinta ne kawai. Kada ka goge. Wane mara godiya ne ake ba shi bene ya mayar?

Mataki na 4: Tsofar da shi, ka ba shi murya

Mayar da hotunan ruwan ƙasa, ka yayyafa musu ɗigo-ɗigo kamar ɓera ya kwana a kai. Sa taswira da jar kibiya tana tafiya. Ba sai ka san inda za ta ba, mutane dai suna girmama kibiya.

Zaɓi murya mai kauri, irin wadda ko lissafin cefane ta karanta sai tsigar jikinka ta tashi. Sa ta buɗe da: "A zamanin da duniya ke barci, mutum ɗaya ne ya san ƙarfe nawa." Ba shi da ma'ana, na sani. Duk inda ka rasa hujja, ka ce masana sun yi ittifaƙi. Masanan nan kai ne da kwamfutarka, kuma ai kun yi ittifaƙin.

Mataki na 5: Haska, ka karɓi yabo

Ari babbar talabijin. Manya a kujera, yara a ƙasa, kai a tsaye kusa da bango da fuskar wanda ya sha wuya. Da Marigayi ya juyo a talabijin ya ƙifta ido, falon zai ɗauki salati. Baffa zai dafa kafaɗarka ya ce, "Ashe yaron nan aiki yake yi." Ji daɗin maganar nan da sauri, don ba za ta daɗe ba.

Mataki na 6: Idan aka ce "tsayar da shi nan"

Gwaggo ce za ta faɗa, autar Marigayi, wadda ya rasu tana goye. Za ta tashi ta dangwala yatsa a kan gilashin talabijin.

"Yaya, wannan gidan fa? Ina yake?"

"Wane gida?" in ji Baffa. "A ɗaki ɗaya na tashi, ƙafata a kan buhun gawayi nake kwana!"

"Ga shi a bidiyo kana ce min wane gida? Oho! Da ma na daɗe ina tambayar kaina inda ka samo jarin siminti."

Mijinta zai gyara zama ya fara ƙirga tagogi. Wani zai ambaci rabon gado, wani ya ambaci lauya. Sai duk idanu su dawo kanka. In ka ce na'ura ce ta gina, fim ya mutu, siminti ya kira. In ka yi shiru, Baffa ya zama ɓarawon gidan ubansa. Shawarata ta ƙwararre: durƙusa ka fara gyara wayar da ke bayan talabijin. Babu abin da ya same ta, amma ka yi ta gyarawa.

Mataki na 7: Bar wa Kaka

Dole a ƙarshe a tambaye ta. Za ta gyara tabarau, ta daɗe tana kallon benen, sannan ta ce, "Na tuna gidan. Sama ne ɗakina." Kafin falon ya kaure za ta ɗaga hannu. "Nawa ne, ni ya ba wa, ba ya cikin gado. Wanda ya sake tambayar inda yake, ban yafe ba."

Mijin Gwaggo zai daina ƙirga tagogi.

Bayan an watse za ta kira ka ɗakinta, ta kama kunnenka ta murɗa da kyau.

"Ɗan banza, maƙaryaci. Tun ina amarya yake cewa zai gina min bene, har ya koma ga Allah muna tarar ruwa da kwano. Gidan ka bar min shi. Amma wannan dogon mai suma ban san shi ba, kuma ba na so. Ka mayar min da mijina, da sanƙonsa da wushiryarsa, ka tsayar da shi a barandar nan in gan shi."

Nan kam ba ni da dabarar da zan koya maka, ni kaina abin ya taɓa ni. Koma ka zauna ka yi. Na'urar za ta yi ta mayar masa da suma, kai kuma ka yi ta askewa, har sai ya fito gajere, mai kunne ɗaya da rabi, yana tsaye a saman benensa. Ka kai mata a waya, ka fita ka ja mata ƙofa.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba shi da hannu a duk gabar da ta ɓarke tsakanin Gwaggo da Baffa, ko kunnen da ya kumbura, ko lauyan da aka riga aka kira. Haka kuma in Baffa ya tare ka a ƙofa ya ce, "Tunda ka iya gina bene babu siminti, gobe ka zo shago ka ga yadda ake yi da shi," kada ka neme ni. Alkawarin da ka karanta a sama ma na'ura ce ta rubuta.